Tsabar Mai Hoto da Tsabar Mai Tarko

Tun kafin kyamara ta iso ƙasar Hausa, maharba sun riga sun gano abin da masu ɗaukar hoton tsuntsaye na Turai suka daɗe suna lalube: naman daji ba ya gudun abin da ya saba gani, siffar ɗan Adam yake gudu. Shi ya sa maharbi kan sassaƙa itace mai lanƙwasa, ya naɗe shi da fata, ya ɗora masa bakin burtu, ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, sannan ya shiga ciyawa da rarrafe, yana sunkuyar da kai yana ɗagawa kamar tsuntsun da ke kiwo. Barewa ta ɗaga kai ta ga burtu, ta ci gaba da cin ciyawarta. Har gobe gidajen tarihi na Turai da Amurka suna ajiye da irin waɗannan kawunan. Burtun da aka ari kansa kuwa ya yi ƙaranci, har a shekarar 2018 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazana.

Turawa sun iso ga wannan dabara ta tasu hanyar. 'Yan'uwa biyu mutanen Ingila, Richard da Cherry Kearton, su ne a 1895 suka fitar da littafi kan sheƙunan tsuntsayen ƙasarsu, na farko irinsa da aka ƙawata da hotuna zalla. Don su kusanci tsuntsu sai suka sa aka feɗe sa, aka ɗinke fatar a kan katako, aka bar cikinsa fayau, mai hoto ya shiga ya duƙa, bakin kyamara yana leƙe ta ƙirjin san. Daga wannan sa ne bukkar dako ta zamani ta samo asali: 'yar rumfa ta yadi ko ta zana, mai ƙaramar taga, wadda mutum zai shiga tun da asuba ya zauna shiru har tsuntsu ya manta da shi.

Da abin ya tsaya nan, da babu gardama. Amma sana'ar ta ƙara wani sashe. A yau mai koyar da hoton tsuntsaye a YouTube zai ce a kafa bukka rana tana bayanta, a auna taku biyar ko shida a gabanta, a kafa reshe mai kyan gani, a tabbata babu wani abu kusa a bayansa don hoton ya fito tas. Daga nan a zuba tsaba a ƙarƙashin reshen, ko a cusa tsutsa cikin tsagar ɓawonsa inda kyamara ba za ta gani ba, a haƙa ɗan kududdufi daidai da tsayin taga, a yi ta zubawa kullum a lokaci ɗaya har tsuntsayen wurin su riƙe sa'ar. Wanda ya ƙosa ya kunna kukan tsuntsu a 'yar lasifika. A wasu ƙasashen har ɓera mai rai ake ɗaure wa mujiya, ana zuba ƙananan kifi a tasa don tsuntsu mai su ya faɗa. Mako biyu ko uku, hoto ya samu: ido yana ƙyalli, kowane gashi a fili, baya luf kamar an shafe.

Wannan dabara ba ta riga ta kafu a gabashin Sakkwato ba, kuma yanzu ne maganar take da amfani, kafin ta zama al'ada. Kyamara mai dogon baki ta daina zama kayan Bature, matasa masu sha'awar hoto sun yawaita, kwarin Rima kuwa daga Goronyo zuwa Wurno, da dazukan da suka gangara Rabah, wuri ne da tsuntsu ba ya yankewa. Bukka abar maraba ce. Tsaba ce ba ta dace da wannan ƙasa ba, kuma dalilan sun wuce na tausayin dabba kawai.

Na farkonsu shi ne hoton tsaba ƙarya yake yi, kuma ƙaryar ta faɗa daidai kan abin da mutanen yankin suka fi bukatar sanin gaskiyarsa. Duk wanda ya taɓa shanya gero a tsakar gida ya san masu zuwa: kurciya, hasbiya, beni, asisi, marai, kanari in ana sa'a, fakara in wurin da ɗan nisa da gari. Dukansu maciya tsaba ne, kuma akasarinsu tsuntsaye ne da suka iya zama da ɗan Adam. Ko an sare daji ƙaf an mai da shi gona, kurciya tana nan. Tsuntsayen da halinsu ke bayyana lafiyar daji su ne maciya ƙwari, waɗanda ke yini can saman itace suna tsintar tsutsa a bayan ganye, ba ruwansu da abin da aka zuba a ƙasa. Da yawansu baƙi ne. Sukan taso daga Turai da kaka, su ƙetare teku da Sahara, su yi rani a wannan tsiri na Sahel, su koma kafin damina.

Akwai wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro, wadda nauyinta bai fi giram goma sha biyar ba, Turawan Ingila suna kiranta whitethroat. A bazarar 1969 masu ƙirga tsuntsaye a can suka wayi gari kusan kashi uku cikin huɗu na waɗannan tsuntsaye ba su dawo ba. Aka bincika gonaki, aka zargi maganin feshi, daga baya aka gane cewa amsar tana nesa: ruwa ne ya yi ƙaranci a Sahel a 1968, mafarin farin da ya kai ƙarshen muninsa a 1973, wanda tsofaffin Goronyo da Rabah ba su bukatar a tuna musu da shi. Wato tsuntsuwar ta kai labarin yunwa Turai shekaru kafin jaridun duniya su kai shi. Wannan shi ne matsayin irin waɗannan tsuntsaye: ma'auni ne. Kuma ma'aunin yana rataye ne a wasu itatuwa ƙalilan. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Leo Zwarts, da abokan aikinsa sun yi shekaru suna bin Sahel suna ƙirga tsuntsaye itace bayan itace. Abin da suka gano ya kamata a rubuta shi a ƙofar kowane ofishin gandun daji: tsuntsayen sun taru ne a kan itatuwa masu ƙaya, irin su gawo da aduwa da dangin bagaruwa na fadama, yayin da dogon yaro, wanda aka shigo da shi daga nahiyar Asiya aka cika garuruwa da shi, kusan fanko yake. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Itacen da ya kare kansa da ƙaya bai cika zuba ɗaci a ganyensa ba, don haka ƙwari ke samun abin ci a jikinsa, tsuntsu kuma ya samu ƙwari. Dogon yaro da ɗaci ya kare kansa, shi ya sa ake maganin ƙwari da shi.

Gawo kuwa ya fi kowa, saboda halinsa na saɓa wa sauran itatuwa: yakan kaɗe ganye da damina ya tofo da rani, daidai lokacin da baƙin suka sauka. Shi ne kuma itacen da makiyayi ke hawa da gatari idan ciyawa ta ƙare, shi ne mai neman itacen girki ke kewayawa. Manomin Wurno ya san darajarsa ba tare da an karanta masa littafi ba, ya san geron da ke ƙarƙashinsa ya fi tsayi. A Damagaram har yanzu ana ba da labarin cewa a zamanin Sarki Tanimu sare gawo laifi ne da ke iya cin ran mutum. A ƙasar Maraɗi, wadda gulbinta ke gangarowa ya zuba a Rima, manoma sun fara sassaben zamani tun wajen 1983, suna barin tohon da ya fito daga kututture ya girma, har aka ƙiyasta cewa itace kimanin miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan biyar na kudancin Nijar. Tambayar da ke gaban gabashin Sakkwato ita ce ko gawonsa da aduwarsa suna ƙaruwa ko suna ƙarewa, kuma tsuntsaye suna cikin masu iya ba da amsa.

To, mai hoton tsaba me yake kawowa? Yakan zaɓi reshe guda, wanda shi da kansa ya saro daga wani wuri, ya kafa shi a fili, ya tara kurciya da beni da marai a kansa, ya ɗora a Facebook da Instagram da taken albarkar dajin ƙasarmu. Masu kallo a Abuja da Kaduna da Landan su yi ta yabo. Babu wanda zai ga cewa taku ashirin daga gefen hoton kututture ne da tokar gawayi. Bahaushe yana da suna ga irin wannan ciniki: ungulu da kan zabo. Kuma masu saye ba talakawa ba ne, ma'aikata ne da 'yan boko da masu tsara manufa, mutanen da yawancinsu hoto ne kaɗai ke kai musu labarin daji, tunda hanyar zuwa ta gagara.

Masu wannan sana'a a ƙasashen da ta daɗe sun san haɗarin. Babbar gasar hoton namun daji ta duniya, wadda gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa, ta ƙwace kyautar 2009 daga hannun wanda ya ci, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ke tsallake shinge a hotonsa na gida ne, horarre. Gasar ta haramta jawo dabba da wata dabba mai rai, a baya kuma ta daɗe tana wajabta wa mai hoto ya bayyana in ya zuba ko da tsabar tsuntsu ce. Ba don tsaba tana kisa a Landan ba. Don mai kallo yana da haƙƙin sanin ko abin da ya gani ya faru ne ko an shirya shi.

A kwarin Rima kuwa tsaba tana kisa, kuma nan ne kwaikwayon Bature ya fi zama wauta. Mai lambu a Ingila da ya rataya wa tsuntsaye abinci, abokin gabarsu a wurin bai wuce kyanwar maƙwabta ba. A ƙauyen Hausa duk yaron da ya kai shekara goma ya san abin da ake yi da wurin da tsuntsu ya saba sauka. Ya san asibta ta gashin wutsiyar doki, ya san danƙon da ake shafa wa reshe, ya san kejin kara mai ɗakuna wanda ake sa kanari guda a tsakiya yana kuka 'yan'uwansa suna faɗawa, ga gwafa a aljihu. Duk waɗannan dabaru da abu ɗaya suke farawa: a zuba tsaba, a bari su saba. Aikin da ya fi wuya a sana'ar tarko shi ne cire wa tsuntsu tsoron wuri, kuma shi ne mai hoto ke yi kyauta, da kuɗinsa, na tsawon makonni. Ranar da ya naɗe bukkarsa ya koma birni da hotunansa, tsuntsayen ba su san ya tafi ba. Gobe da hantsi za su dawo kan reshen.

Ba laifin yaron ba ne. Nama nama ne, kuma kanari kuɗi ne a kasuwar tsuntsaye. Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga tsuntsayen daji da aka kamo a 2005, ta mai da hanin na dindindin a 2007, amma kasuwar cikin gida ba ta rufe ba. Gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya, an fi ganinta yau a farfajiyar gidajen masu hali fiye da fadama. Ungulu, wadda da ba a raba ta da mahauta da bakin kasuwa, tun 2015 tana cikin jerin masu dab da ƙarewa, kuma cinikin kanta da ƙafafunta don magani yana cikin manyan dalilai. Dokoki suna nan a takarda, daga dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 zuwa dokar 1985 kan halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016. Sai dai ba a taɓa jin doka ta tsaya gadin reshe ba. Ƙari a kan haka, waya da kyamarar zamani sukan liƙa wa hoto adireshin inda aka ɗauke shi, wanda kowa zai iya karantawa in ba a goge ba. Saboda irin wannan ne eBird, rumbun da masu kallon tsuntsaye na duniya ke zuba bayanansu, yake ɓoye wuraren da aka ga tsuntsayen da ake farauta don sayarwa. Mai hoton da ya tara tsirya a wuri ɗaya, ya saba musu da mutum, sannan ya sanar da duniya inda suke, ya gama wa ɗan kasuwa rabin aikinsa.

Sai maganar manomi, wadda bidiyon koyarwa ba su san da ita ba sam. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 aka ƙaddamar a 1992, an gina ta ne ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, kuma da ita da fadamun Wurno ne noman rani na shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa ya dogara. Babban maƙiyin mai shinkafa a nan tsuntsu ne: jan baki, mai zuwa kamar hadari, wanda garkensa ke iya share gona cikin yini. Saboda shi ake tura yara gona tun asuba da igiyar gwangwani da majajjawa, saboda shi gwamnati ke hayar jirgin sama ya yi feshin guba a makwancinsa, gubar da ba ta bambanta jan baki da shaho da ya zo cin gawarsa. A irin wannan wuri, mutum ya zo da mota ya zuba tiyar gero a ƙasa da gangan don tsuntsaye su taru, me manomin da ke maƙwabtaka zai ɗauka? Ko da tsabar ba ta kira garke guda ba, ta kira ƙiyayya. Kuma tsuntsayen dawa ba su da kariyar da ta wuce yardar mai gona: shi ne zai bar gawo ko ya sare, shi ne zai hana yaransa taɓa sheƙar shamuwa kamar yadda kakanninsa suka hana. Duk abin da zai sa ya ɗauki masu son tsuntsu a matsayin masu gayyato masa ɓarna, hasara ce da hoto dubu ba zai biya ba. Balle a shekarun da tiyar gero ta zama abin da magidanci ke lissafi a kai kafin ya yi barci.

Cuta ma tana nan, a taƙaice. Tara tsuntsaye iri-iri a kan kwano ɗaya da ruwa ɗaya hanya ce ta yaɗa ciwo. A Ingila wata cutar maƙogwaro da ta ɓulla wajen 2005 ta bi wuraren ciyarwa na lambuna ta karya wani koren tsuntsu ɗan'uwan kanari, har ya shiga jan jerin ƙasar a 2021. Najeriya kuwa ita ce ƙasar farko a Afirka da aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1, a wata gonar kaji a Jaji cikin Fabrairun 2006. A ƙauyen da kaji da zabi ke yawo sakaka, kududdufin mai hoto mahaɗa ce tsakanin na gida da na dawa.

Masu goyon bayan tsaba suna da hujja mai ƙarfi, kuma rashin adalci ne a tsallake ta. A ƙasar Ekwado akwai wani manomi, Ángel Paz, wanda wajen 2005 ya koya wa wata tsuntsuwar ƙurmi mai tsananin ɓuya fitowa cin tsutsa idan ya kira ta. Masu kallon tsuntsaye suka yi ta zuwa daga ko'ina suna biya, shi kuma ya daina saran dajinsa. A Baihualing, cikin duwatsun Yunnan na ƙasar Sin, ƙauyawan da a da suke farautar tsuntsaye sun koma haƙa musu kududdufai suna sayar da kujera a bukka. A gefen dajin Kaeng Krachan na Tailan ma haka. A waɗannan wurare tsaba ta mai da mai tarko mai gadi, kuma babu mai musun wannan. Me zai hana a Goronyo?

Abin da zai hana shi ne duk sharuɗɗan da suka sa abin ya yi aiki can babu su a nan. A wuraren uku, mai zuba abincin shi ne mai ƙasar, yana kwana a wurin, kuma tsuntsu mai rai ya fi masa mataccen riba saboda baƙi suna zuwa kullum da kuɗi a hannu. Ba tsabar ce ta kare tsuntsun ba, mai gadin da ke cin abinci daga rayuwarsa ne. A cire baƙin, a cire mai gadin, abin da ya rage shi ne tarko marar igiya. Kuma wane baƙo ne zai zo? Dajin Gundumi, wanda Barth ya ƙetare a 1853 cikin tafiyar sa'a ashirin da shida ba tsayawa don tsoron mahara kafin ya isa ga Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya wuce Wurno, ya koma abin da yake a wancan zamani, har ya fi. A Yulin 2018 an kashe mutum fiye da talatin a Tabanni cikin ƙasar Rabah. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha huɗu na jihar, har da Rabah da Goronyo. A ranar 17 ga Oktoban wannan shekara 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu. Wanda ya kawo misalin Ekwado a wannan hali bai shirya wa tsuntsu mai gadi ba, uzuri kawai ya samar wa hotonsa.

Wannan hali ya shafi bukkar ita kanta, kuma gara a faɗa ƙarara. A ƙasar da kalmar infoma ke iya sa a kashe mutum kafin a tambayi sunansa, baƙon da ya shige cikin zana a bakin daji da wani dogon baƙin ƙarfe yana leƙe ta taga ya sa ransa a faranti. Ɗan sa-kai zai iya ɗaukarsa ɗan leƙen asirin ɓarayi, ɓarayi su ɗauke shi na soja. Maharbin da ya ɗaura burtu kowa a garin ya san shi, ya san ubansa, akwai sarkin dawa da zai amsa dominsa. Da ɗan gari akan ci gari. Bukkar da ba ta bi ta ƙofar hakimi da mai unguwa da mai gona ba, bai kamata a kafa ta ba, kuma akwai wuraren da ko da izininsu bai kamata ba a yanzu. Tsaba tana ƙara wannan haɗari, domin tana tilasta wa mutum komawa wuri ɗaya, a sa'a ɗaya, kullum, wanda shi ne abu na farko da mai hankali ke gujewa a yankin.

Wani zai ce to a bar tsaba, a zuba ruwa kawai, ai shayar da mai ƙishi sadaka ce. Gaskiya ne, kuma kaskon ruwa a tsakar gida, wanda ake wankewa ake cikawa har ruwan sama ya sauka, babu mai tsawata masa. Amma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri arba'in, ruwa ya fi kowace tsaba ƙarfin ja. A Maris na 2018 madatsar Goronyo kanta ta sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na cikinta. Wanda ya buɗe kududdufi a irin wannan lokaci ya ɗauki alkawari. Idan niyyarsa ya rufe ranar da hoto ya samu, to ba sadaka ya yi ba. Malamai suna kawo labarin da Abu Dawud ya ruwaito, na sahabban da suka ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa a kan hanyar tafiya, uwar ta zo tana kaɗa fukafukai a kansu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya sa aka mayar mata da su. Ba a yanka kowa ba a labarin. Tayar da hankalin kaɗai ya isa a tsawata. Mai kunna lasifika da damina, yana sa namijin tsuntsu ya bar sheƙa ya zo faɗa da abokin gabar da babu shi, ya duba ko wane gefe yake a wannan labari.

Abin da ya rage wa mai kyamara ba kaɗan ba ne, sai dai ya fi wuya, kuma wuyar ce ke ba shi daraja. Ƙasar ta riga ta zuba nata abincin. Gawo mai fure a gefen gari, aduwa da magarya da suka nuna, ɓaure mai 'ya'ya, bakin tafkin da ke janyewa da rani, inda zalɓe da kirinjijiya da ladin kogi ke taruwa ba da gayyatar kowa ba: waɗannan su ne wuraren bukka. Ba su koya wa tsuntsu sabon hali, ba su ƙarewa ranar da mai hoto ya tafi, kuma hoton da aka ɗauka a kansu yana ɗauke da itacen a cikinsa, wato yana ɗauke da shaida. Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi ya zauna har aka binne shi a can a 1837, ba baƙon tsarin keɓe ƙasa ba ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukuncin ƙasa da hurumi. Masu ilimin yankin da ke son a ga tsuntsayensa a duniya, da za su sa bakinsu a keɓe 'yan kadada na gawo da bagaruwa a bayan gari, kusa da idon jama'a, a ɗauki tsohon maharbi aikin gadi da jagora, da sun gina abin da Ángel Paz ya gina, daga tushe maimakon daga rufi.

Akwai kuma inda za a kai abin da aka gani. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos, wadda aka kafa a 2001, ta fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara a kowane gefe, ana neman masu sa-kai su shiga gida guda su rubuta duk tsuntsun da suka gani ko suka ji cikin aƙalla sa'a biyu. Matasan Arewa sun kafa tawagarsu a cikin aikin. Ba a tambayar kowa kyan hotonsa. Hoto mai duhu na wata 'yar tsuntsuwa toka-toka, rabin jikinta a bayan ƙaya, in yana ɗauke da kwanan wata da sunan itacen da kusurwar ƙasar da aka ɗauke shi, yana shiga lissafi. Bayan shekara goma wani zai iya ɗora lissafin bana a kan na wancan lokaci ya ce gawon gabas da Goronyo ya riƙe baƙinsa ko ya rasa su. Hoton reshen da aka kafa ba ya shiga wannan lissafi, domin abin da yake aunawa shi ne yawan geron da mai shi ya iya saya.

Mai farin maƙogwaron nan takan fara tara kitse a ƙarshen Maris, tana bin 'ya'yan itace da ƙwarin da suka rage, har nauyinta ya ƙaru sosai kafin ta tunkari Sahara cikin dare. Wanda ke son hotonta sai ya nemi izinin mai gona, ya kafa zanarsa inda kowa ke ganinsa, ya shiga bayan sallar asuba, ya fuskanci itacen, ya jira. Wataƙila ta sauko reshen ƙasa kafin rana ta yi zafi, wataƙila sai jibi, wataƙila ta riga ta tashi.